Muryar Yaya a Kaset Ɗaya

A gidanmu na Illela ba wanda ya taɓa jin Inna ta faɗi sunan Yaya. Shi ne ɗanta na fari, ita kuma mutuniyar Garu ce, irin matan da ke riƙe kunyar ɗan fari da ƙarfin tsiya. In tana son ya zo, ni take kira ta ce, "Ke, hwaɗa ma wancan abinci na hucewa." In ya shigo gaishe ta da safe, sai ta juya fuska wajen murhu ta amsa a can. An ce ko da ya karye a ƙafa yana yaro, maƙwabciya ce ta goya shi zuwa wurin maɗori, Inna na zaune tana tankaɗe. Ni da na zo bayansa da shekara shida, sunana bai barin bakinta. Ni ake yi wa kitso a cinya, ni ake ɓoye wa ƙanzo. Na tashi da tabbacin ni ce 'yar gaban goshi, kuma ban taɓa ganin laifin nuna wa Yaya hakan ba.

Yaya ya yi makarantar kwana a Sakkwato. A can ya haɗu da wani malamin lissafi Ba'indiye, wanda maimakon ya koya masa lissafin da aka tura shi koyo, ya ɗora masa jaraba. Ya dawo hutu da kaset guda uku na wani mawaƙin ƙasarsu. Mu mutanen Illela ba baƙin waƙar Indiya ba ne, mun san ta rawa da guje-guje a kan tsauni, har 'yan acaɓa na rera ta suna tsallaka iyaka. Amma wannan daban ce. Mutum ɗaya ne, muryarsa a ƙasa, yana jan kalma ɗaya har ka gama alwala bai sake ta ba. Yaya ya ce sunan irin waƙar gazal. Na ce masa sunanta ciwon ciki.

Bai ji haushi ba, shi dai ba ya jin haushi, abin da ke ƙara ƙular da ni ke nan. Sai ya zaunar da ni yana ba ni tarihin mutumin, kamar kawunsa ne. Wai ɗan ƙauye ne, iyayensa sun so ya yi aikin ofis, ya sulale ya tafi babban birni da kaya kala biyu. Wai ya sha yunwa, ya yi waƙa a gidajen biki ana ba shi abinci kawai. Wai shi ke ɗora wa baitocin tsofaffin marubuta karin sauti da kansa, kuma a zaune yake waƙa, ya tanƙwashe ƙafa a gaban wani ɗan akwati mai zuga-zugi, hannu ɗaya na zuga iska, ɗaya na danna. Masu sauraro ba sa rawa. Suna zaune suna girgiza kai, in baiti ya taɓa su su yi ajiyar zuciya gaba ɗaya. Rabin labarin daga bakin malaminsa ya ji, rabin kuwa ina zargin shi ya ƙirƙira. Abu ɗaya da ya fi burge shi, wanda ya maimaita mini har na haddace ba da sona ba, shi ne ƙa'idar baitin ƙarshe. A gazal, in mai waƙa ya zo rufewa, sai ya kira sunan kansa, ya yi wa kansa magana kamar wani ne.

"To wa za shi kira ka in ba kai ba?" na ce masa. Na faɗa don ya ji zafi, kuma na ga ya ji.

Bai gama makarantar da abin kirki ba. Babanmu ya rasu, Baffa, yayan babanmu, malami mai makarantar allo da ta dare, ya zama shi ne uba. Ya so Yaya ya bi 'yan uwa harkar wake da albasa zuwa Ƙwanni. Yaya ya buɗe ɗan shagon gyaran rediyo kusa da tasha. Hannunsa na da kyau, rediyon da aka fitar da rai da ita sai ta tashi a wurinsa. Ana cikin haka wani direba mai ɗauko gwanjo daga Kwatano ya zo masa da irin akwatin nan mai zuga-zugi, ɓera ya cinye fatarsa. Yaya ya yi wata biyu yana liƙe shi da fatar akuya. Ranar da akwatin ya yi kuka, mai shayin gefensa ya leƙo ya tambaya ko jaki ne ke naƙuda.

Daga nan ya fara tsara nasa da Hausa. Garin kuwa ya samu abin yi. 'Yan canji da ke jere da sefa a hannu suna hango shi za su fara miƙa wuya suna "aaaa," suna dafe ƙirji. Suka sa masa Ba'indiyen tasha. Ni ce na kai sunan cikin gida, ni ce na koya wa matan unguwa kwaikwayon yadda yake lumshe ido. Na iya kwaikwayo, har yau na iya. In na fara, Gwaggo, ƙanwar babanmu, sai ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Inna ba ta dariya, ba ta kuma hana ni. Ni kuma na ɗauki shirun nata a matsayin izini.

Sau ɗaya tak ya yi waƙa a gaban jama'a. Wani abokinsa ya yi aure a Lafani, ya roƙe shi don zumunci. Da la'asar ne, an share fili, samari sun sha shadda suna jiran abin da za su taka. Yaya ya shimfiɗa tabarma ya zauna da akwatinsa. Zaman nan kaɗai ya sa aka fara kallon-kallo, don a wurinmu mai waƙa tsaye yake, yana bin masu kuɗi yana wasa su. Shi ko ya rufe ido ya fara ja. Bai kai baiti na uku ba wata tsohuwa ta ɗaga murya ta ce, "Wai wa yam mutu?" Fili ya kece da dariya. Abokan ango huɗu suka kama kusurwoyin tabarmar, suka ɗaga shi da akwatin nasa cak, suka kai shi bayan rumbu suka ajiye, masu kalangu suka shigo. Ina cikin matan, kuma na fi kowa shewa. Da muka dawo gida na sake yin wasan tun daga farko a tsakar gida, na sa yara suka ɗauke ni a tabarma.

Bayan Lafani bai ƙara waƙa a waje ba. Amma wata ranar Juma'a da rana, lokacin da tasha ta yi tsit, ya kulle kansa a shago ya ɗauki waƙoƙinsa a kaset. Guda bakwai ne. Ya kai wa masu buga kaset a Sakkwato, suka saurari rabin ta farko suka ce ya ƙara ganga da muryar mace sannan ya dawo. Bai koma ba, bai kuma kwafa wa kowa ba, don ba wanda ya nema. Kaset ɗin nan ɗaya shi ne duk abin da Yaya ya yi a duniya da muryarsa.

Ni ya fara sa wa. Ban san dalili ba, wataƙila don ni kaɗai ke sauraronsa, ko da don in samu abin kwaikwayo ne. Ta ƙarshe a gefe na biyu ita ce ya fi ji da ita. Na riƙe farkonta:

Na yi sallama ƙofarki tun da hantsi, ba ki duba ba.
Na girma a gabanki har na yi gemu, ba ki duba ba.

Haka take tafiya, kowane baiti ya ƙare da rashin dubawar nan. A na ƙarshe ya kira sunansa ɓaro-ɓaro, sau biyu, ya ce wa kansa ya sa takalmi ya tafi, rana ta yi. Na tambaye shi wace mai tsautsayin ce yake so haka. Ya ce, "Ba budurwa ta ba. Inna ta." Na kalle shi, namiji da gemunsa yana neman uwa ta dube shi, na fashe da dariya. Na ce in ya kuskura ta ji, sai ta bar masa garin don kunya. Ya ce ya sani, shi ya sa ba zai sa mata ba.

Sanƙarau ya ɗauke shi a wata bazara, kwana uku tsakanin ciwon kai da kabari. Inna ba ta shiga ɗakin da yake jinya ba. Ta dafa ruwan zafi ta ba ni in kai, ta dama kunu ta ba ni in kai. Da aka fito da shi tana bakin rijiya tana wanke kwanoni, kuma ba ta ɗago ba. Mata masu zuwa gaisuwa suna fita suna yaba ta, wai ba su taɓa ganin kawaici irin nata ba. Ni ce na yi kukan, na yi birgima har aka riƙe ni, aka ce dubi yadda take son ɗan uwanta.

Ranar sadakar uku Baffa ya sa aka kwaso kayan shagon. Ya ware ƙarafan gyara da rediyoyi na gado. Akwatin zuga-zugi da kaset ɗin Ba'indiye ya ce ba sa cikin abin da ake gada, ya sa aka fasa aka ƙone a bayan gida, don a sauƙaƙa wa mamaci. Na duba cikin tarin ban ga kaset ɗin Yaya ba. Na ɗauka ya ɓata a kwashe-kwashe, ban kuma damu ba.

Shekara ta zagayo, aurena ya mutu. Ba zan ɓata takarda a kan mutumin ba. Na dawo gida da akwatina da baƙin raina, ina jiran Inna ta rungume ni kamar da. Ta karɓe ni, ta gyara mini ɗaki, ba ta rage ni da komai ba. Amma na ga hankalinta ba ya wurina. Ina ba ta labarin wulaƙancin da na sha, tana cewa "Allah shi kyauta" tana kallon ƙofa. Na kuma lura kowace Lahadi, ranar kasuwar Illela, sai ta matsa wa kowa ya fita. Matar ƙanena ta tafi cefane, yara su bi ta, ni ma a ce in je in ga gari ko zuciyata ta yi sanyi.

Wata Lahadi na kai bakin kasuwa, ƙurar shanu da hayaƙin babura suka sa mini ciwon kai, na juyo. Gidan shiru. Ina zuwa ƙofar ɗakinta na ji muryar, ƙasa-ƙasa, har da ƙarar wani babur da ya wuce ta bayan shagonsa ranar da ya ɗauka. Na ɗaga gefen labule.

Ta sauke jeren kwanoninta na samira, wanda ba ta barin kowa ya taɓa, babban na ƙasa a buɗe. Nan take ɓoye shi. Tana zaune a ƙasa, 'yar rediyon a cinyarta, ta rungume ta da hannu biyu. Ba duk waƙar take ji ba. Baitin ƙarshe kawai. In ya kira sunansa sai leɓenta ya motsa tare da shi, ba sauti. Sai ta kashe, ta fito da kaset ɗin, ta zura tsinken tsintsiya biyu a ramin ta murza baya da hannu don kada batir ya ƙare, ta mayar, ta sake. Na tsaya na ƙirga har sau tara. Fuskarta kuwa ban taɓa ganin irinta ba. Shekara talatin tana yi mini kitso tana kiran sunana, ba ta taɓa kallona yadda take kallon rediyon nan ba.

Ya kamata in ji tausayi. Na san haka a lokacin ma, ba sai yanzu ba. Abin da na ji shi ne an cuce ni. Ashe duk gatan da nake tinƙaho da shi saura ne, abin da ba ta iya ba shi ne take juye mini. Ga ni da raina, da mutuwar aure, ina ɗaki na kusa, ita kuma tana korata kasuwa don ta zauna da matacce. Na saki labulen na koma soro na zauna har masu kasuwa suka dawo. Na yi wata biyu ina kallonta kowace Lahadi tana gaggawar mu fita, abin yana ƙara dahuwa a cikina.

Sai matar ƙanena ta haifi namiji, aka ce za a mayar da sunan Yaya. Ranar suna gidan ya cika. Matan Garu sun zo, na Lafani sun zo, dangin Ƙwanni sun tsallako da turamen atamfa. An kafa manyan tukwane uku a tsakar gida, Inna na kan ta tuwo da muciya. Maza na soro tare da Baffa. Da aka raɗa suna aka shigo da labari, Gwaggo ta fara tsokanar da ta saba, don ƙanwar miji ba ta raga wa matar wa. "To, ga shi ya dawo miki. Hwaɗi sunan jariri mu ji!" Mata suka yi dariya. Inna ta sunkuyar da kai ta ce ita Mai Sunan Manya za ta riƙa ce masa. Aka ƙara dariya, ana jinjina mata.

A nan na tashi. Ba wanda ya zuga ni, kuma ban yi cikin fushi ba, a natse na yi. Na shiga ɗakinta, na sauke kwanonin ɗaya bayan ɗaya, na ɗauko kaset da rediyo, na fito tsakiyar mata na ce, "Tunda mai suna ya dawo, bari ku ji muryar na hwarko." Na ƙure ƙara na danna.

Yana daidai inda ta tsayar da shi, baitin ƙarshe. Muryar Yaya ta cika tsakar gidan, ya kira sunansa sau biyu. Wasu mata suka yi salati, wasu suka toshe baki. Wata da ta je bikin Lafani ta tuna, ta ce, "Ba'indiyen tasha!" sai dariya ta ɓalle. Gwaggo ta tambaye ni ina na samo. Na ce, da ƙarfi yadda na bayan rumbu ma za su ji, "Ƙarƙashin kwanonin Inna. Kullum Lahadi shi taka saurare."

Dariyar ta canza. Ta koma irin wadda ake yi wa wanda zaninsa ya kwance a kasuwa. Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "Ashe kawaicin na bainar jama'a na! Ashe ana soyayya da ɗan hwari a ɗaka!" Ba da mugunta ta faɗa ba, wasa ne a wurinta, amma matan Garu, 'yan uwan Inna, sun sunkuyar da kai kamar an kama su da sata. Inna ba ta daina tuƙi ba. Muciyar dai ta rage sauri.

Hayaniyar ta kai soro. Baffa ya taso ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba, don tsakaninsa da matar ƙanensa akwai kunya, ba sa haɗa ido. Gwaggo ta kai masa labari. Na zaci zai yi faɗa, abin da nake so ke nan, ya zama shi ya yanke hukunci ba ni ba. Amma bai yi ba. Tsohon nan da ya ƙone akwati ba tare da ya ƙifta ido ba, bai ko ɗaga murya ba. Sai ya ce wa Gwaggo, a hankali, "Muryar mamaci amana ta. A tambaye ta. In tana da buƙata da shi, a bar mata abinta, ba ruwan kowa."

Da maganar nan ya buɗe mata ƙofa. Ni kuma na san ba za ta iya shiga ba, shi ya sa na zaɓi ranar. A gaban yayan mijinta, a gaban matan garinsu, mata sun fi hamsin sun zuba mata ido, a ce ta buɗe baki ta ce tana son muryar ɗanta na fari? Gwaggo ta maimaita tambayar tana murmushi. Na ƙara da tawa, ina riƙe da kaset ɗin sama: "Inna, a bar miki?"

Ta dube ni. Kallo ɗaya, gajere, ba roƙo a ciki, ba zagi. Sai ta mayar da ido kan tukunya ta ce, "Mi za ni yi da shi? Tarkace na. Wurin shara nit tsince shi."

Baffa ya juya ya koma soro. Gwaggo ta ce to a ba yara su yi wasa da zaren. Da na ba yaran, da wataƙila ta bi su da yamma ta karɓe. Na san da haka. Na taka zuwa murhun da take tuƙi a kai, na durƙusa dab da ƙafarta, na tura kaset ɗin cikin wuta tsakanin itace biyu. Robar ta lanƙwashe, zaren ya yi tsalle ya ƙanƙance, wani baƙin hayaƙi mai wari ya taso mata a fuska. Ba ta matsa ba. Ta ce wa matar da ke kusa, "Jawo marhi ki ruhe, kar warin shi kama tuwon mutane." Aka rufe. Ta kwashe tuwon nan gaba ɗaya da hannunta, malmala bayan malmala, aka ci, aka yaba.

Ba ta taɓa tayar da maganar ba. Washegari ta kira ni da sunana ta ba ni koko kamar kullum. Lahadi ta zo, ba ta ce kowa ya fita ba. Ta zauna a tsakar gida tana tsince wake har la'asar. Haka ta yi kowace Lahadi bayan nan. Na sake aure, na sake fita, na dawo. Na yi ta jiran ranar da za ta zage ni in samu sauƙi, ba ta ba ni ba.

Yanzu ta tsufa ƙwarai, kuma hankalinta ya fara barinta shekara uku da suka wuce. Ni ke jinyarta, ni ke mata wanka, ni ke ba ta abinci a baki. Abu na farko da tsufan ya ɗauke mata shi ne sunayenmu. Na biyu kunya. Wata safiya ina shanya sai na ji ta ƙwala kiran sunan Yaya, cikakke, da ƙarfi, kamar ta saba. Jikan da aka sa wa sunan ya amsa ya zo, ta kore shi ta ce ba shi take nufi ba. Tun daga ranar ba ta da wata magana. Ta kira shi da hantsi, ta kira shi da azahar, ta tambayi duk wanda ya shigo ko ya gan shi wajen tasha. Wani lokaci ta tuna ya rasu, sai ta ce to a sa mata muryarsa. "Shina cikin kwano na ƙasa. Ku ɗauko mani."

Na je wurin masu tura waƙoƙi a waya a bakin tasha, ba nisa da inda shagonsa yake da, yanzu ana sayar da fetur a kwalba a wurin. Sunan mawaƙin nan Ba'indiye na nan a kaina, Yaya ya dasa shi. Mai shagon ya nemo shi nan take. Ya ce mutumin ya rasu da daɗewa, amma waƙoƙinsa ba su ƙirguwa. Ya nuna mini shi a zaune gaban akwatinsa, furfura ta cika kai, jama'a cike da wani ƙaton ɗaki suna girgiza kai yadda Yaya ya faɗa. Ashe bai ƙirƙiri komai ba. Har tarin da mutumin ya yi a tsakiyar waƙa an adana. Na ce a cika mini wayar.

Na dawo na zauna kusa da ita a tabarma na kunna, ina fatan kunnen tsufa ba zai bambance ba. Ta karkata kai, ta saurara sosai, har leɓenta ya fara shiri. Ta jira waƙar ta kai ƙarshe. Da mutumin ya rufe, ta ture wayar da bayan hannu.

"Ba shi na ba. Wanga bai hwaɗi sunan ba."

Na ce mata kaset ɗin ya ɓata, ana nema. Ta girgiza kai. Ta kamo hannuna ta jawo ni kusa, ta rage murya yadda ake yi wa baƙuwar da aka yarda da ita.

"Bai ɓata ba, ɗiyata ta ƙone shi. Gabana, ina tuƙi. Ke baƙuwa ta, ba ki san ta ba." Ta shafa bayan hannuna. "Ke kina da kirki. Ɗiyar wa ta ke?"

Na ce mata ni 'yar maƙwabta ce.

"To don Allah in ta zaka, kar ki bari ta shigo min ɗaki."

Na ce, "To, Inna. Ba ni barin ta."